Kakin Duba-gari

Yau ma duba-gari ya dira mayankar bakin iyakar Benin, ya tarar babu ko taya ɗaya a wuta. An share, an yayyafa ruwa, na'urar awon hayaƙin da ke hannunsa ta yi lamo. Alhali jiya unguwar baƙa ƙirin take da hayaƙin tayoyin babbakar ganda, yara sai tari suke.

"Ranka ya daɗe, mu da kara muke babbaka," in ji sarkin fawa, yana murmushi.

Lallai wani ke tsegunta musu. Duba-gari ya zargi direban ofis, ya daina shiga motar. Ya zargi abokin aikinsa, ya daina gaya masa ranar fita. Har maigadi bai tsira ba.

Ran Talata ya shirya samame a ransa, bai faɗa wa kowa ba. Yana shan koko ya jiyo matarsa a bakin katanga, tana kiran maƙwabciyarsu, matar mahauci.

"Inna, sam mini garwashi in zuba a dutsen guga. Maigida ya ce a goge kaki."

Kakin da ba ya sawa sai ranar samame.