Mai Walda Ya Koyi Raɗa

Mai walda ya koyi raɗa, kuma matarsa ce kaɗai ta lura.

Mutum ne da ake jin sallamarsa tun daga farkon layi, har 'yan unguwa suka sa masa Lasifika. Ƙarar ƙarfe ta saba masa da ɗaga murya. Amma kwanan nan sai dai ta ɗago daga wanke-wanke ta gan shi tsaye a tsakar gida, ba sallama ba komai, yana kallonta kamar baƙuwa. Wayarsa ma ya kashe mata ƙara. In ta yi haske, ya koma bakin ƙofa ya yi ta ƙus-ƙus.

Ta binciki kanta ba ta ga laifi ba. Ba ta taɓa bari ya gan ta a hargitse ba: wanka, yankan farce, tsinken auduga a kunne safe da yamma. Duk da haka gidan ya yi mata shiru. Zakaran maƙwabta ya daina cara, rediyo ya shaƙe duk da sabon batir.

Sai ta fara ganinsa da mai ɗinkin da shagonta ke kallon gidansu, wata bazawara mai wushirya da kowa ke ce wa Anti. Ya tsaya a ƙofar shagon, baki na motsi, hannu na yawo, amma ko kalma ɗaya ba ta ƙetaro titi. Can su waiwayo su dubi tagarta, su ci gaba.

Kunya ta hana ta tambaya. Ta ninke kayanta a jaka ta tura ƙarƙashin gado. Ta yanke cewa ranar da ta sake ganinsu tare, gidan iyayenta za ta kwana.

Da safe jiri ya ɗebe ta a bakin murhu, ta dafa bango. Mijin ya matso dab da ita, fuska a ɗaure.

"Ɗauko mayafinki, asibiti za mu."

Suna fitowa Anti ta rufe shago ta biyo su. Ta riƙo mata hannu tana murmushi. Matar ta zare hannunta a hankali. Jakar kawai take tunani.

A ƙaramin asibitin unguwa nas ta shiga da ita ɗaki, ta bar ƙofa a buɗe saboda zafi. Ta auna jini, ta duba ido da harshe, ta aika ta gwajin fitsari.

"Ba ciki ba ne, amarya, daina sunkuyar da kai," in ji nas, tana magana kusa da fuskarta.

Ita dai idonta na kan bencin waje. Ga su can kafaɗa da kafaɗa, mijinta yana ta raɗarsa, Anti tana girgiza kai. Ko a asibiti.

Nas ta haska kunnen dama da tocila, ta haska na hagu, ta yi tsaki.

"Ke ma 'yar tsinken nan ce? Sannu da tsafta."

Ta ɗiga mata magani, ta bari ya jiƙa, sannan ta tara kwano ƙarƙashin kunnen ta tura ruwan ɗumi da sirinji. Wani baƙin dunƙulen dattin kunne ya faɗo. Ta juya ta, na biyu ya biyo.

Fanka ta fara ƙugi a samanta. Jariri ya tsala kuka, babur ya wuce a titi.

"In kin fita ki ce wa mutumin nan ya rage murya," in ji nas. "Tun da kuka zo ya hana mu jin kanmu."

Daga benci muryar mijinta ta cika asibitin, kamar yadda ta yi ta cika layinsu duk kwanakin nan:

"Wallahi Anti, in yi sallama har muryata ta dishe ba ta amsawa, in kira ta ko waiwaye babu. Ki faɗa min tsakani da Allah, wani ne ya shiga ranta?"