Falon Da Ba Ya Numfashi

Mai tsara ɗakin ya tsaya a tsakiyar falon yana ƙare masa kallo, irin kallon da likita ke yi idan ya ɗaga hoton ƙirji. Can ya ce, "Madam, falon nan ba ya numfashi."

Matar gidan ta gyaɗa kai. Shekara ashirin da biyu tana zaune a ciki ba ta taɓa lura ba, amma da aka faɗa sai ita ma ta ji iskar ta yi mata kaɗan.

Magana ɗaya ce ta jawo duk wannan. Yayar mijinta, wadda ba ta taɓa fita gidan mutum ba tare da ta bar masa abin tunani ba, ta zo watan jiya. Ta zauna a doguwar kujera tana shafa katakon hannunta, ta ce, "Allah sarki. Duk sanda na shigo nan sai na tuna marigayiya kakarmu." Da za ta tafi, ta bar lambar wannan gwanin tsara ɗaki, saboda zumunci.

Kwana uku matar gidan tana tauna maganar. Ran na huɗu ta rantse sai Yaya ta shigo falon nan ta rasa ta cewa, ko da sau ɗaya ne kafin ɗayarsu ta bar duniya.

Gwanin mutum ne mai natsuwa. Ya zaro tef ya auna kujerun tsawo da faɗi. Ya ƙwanƙwasa kabad ɗin gilashi da yatsa yana saurare, ya ja durowa ya mayar, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin teburin tsakiya. Bango dai bai samu wannan gata ba. Kallo ɗaya ya yi masa ya ce fari.

"Duk su fita," in ji shi.

Maigidan ya sauke jarida. "Har da wadda nake kai?"

"Musamman ita, ranka ya daɗe."

"Kujerar nan ta fi likitana sanin bayana."

"Baban yara," in ji matar, "don Allah kar ka ba ni kunya gaban baƙo."

Washegari mota ta zo. Aka naɗe kowace kujera da bargo, aka cusa kwali a kusurwoyin kabad, gwanin da kansa yana tsawa a yi a hankali a bakin ƙofa. Ya ce ko bola za a kai abu, a kai shi cikin mutunci. Matar gidan ta daɗe ba ta ga tarbiyya irin wannan ba.

Bayan mako biyu falo ya fara numfashi. Kujeru biyu masu siraran ƙafafun ƙarfe, tebur na gilashi da bai fi faranti ba, tulu ɗaya da busassun tsinkaye uku a ciki, sai wani zane a bango mai layi guda, shi ma bai miƙe ba. Idan aka yi sallama, falon ne ke fara amsawa. Maigidan in ya zauna, gwiwoyinsa na gaisawa da haɓarsa, in zai tashi kuma sai da addu'a. Ba da jimawa ba ya koma karanta jarida a cikin mota.

Aka gayyato Yaya. Ta shigo, ta dubi gabas, ta dubi yamma, ta dubi tsinkayen nan uku.

"Ma sha Allah," ta ce. "Yaushe kayan za su iso?"

Kafin ta tafi ta ce su leƙo ranar Asabar, ita ma ta ɗan taɓa nata falon. Ba wani abu ba, a cewarta.

Ranar Asabar ɗin, ƙamshin sabon fenti ne ya tarbe su tun daga ƙofar gidan Yaya. Manyan kujeru na katako mai nauyi, an lulluɓe su da koren karammiski. Kabad mai ƙananan fitilu a ciki. Teburin tsakiya yana sheƙi har mutum na ganin fuskarsa, abin da matar gidan ba ta buƙata a daidai lokacin.

"Tsoffin kaya ake yayi yanzu, ƙanwata," in ji Yaya. "An daina yin irin wannan katakon. Wahalar ita ce samun wanda zai rabu da shi."

"Wane mai hankali ne zai rabu da irin wannan?"

"Ana samu," in ji Yaya.

Matar gidan ta faɗi abin da bakinta bai taɓa faɗa ba tun da aka ɗaura mata aure: "Gaskiya, Yaya, wannan shi ne falo." Da Yaya ta shiga ciki ɗauko shayi, ta yi wuf ta ɗauki hoto ta tura wa gwanin: irin wannan nake so, ko daga ina ne.

Maigidan kuwa tuni ya nutse a kujerar lungu, ya cire takalmi, ya miƙe ƙafa, ya saki ajiyar zuciya, abin da bai saba yi a gidan mutane ba. Matarsa ta harare shi, bai gani ba, don idonsa a rufe yake. Hannunsa ne kawai ya zame tsakanin kushin da katako, ya lalubo wani abu, ya zaro.

"Maman yara," ya ce, "ga tabarau ɗina da kika rantse a tasi na manta shi."