Kwalin Matar Soja

Tunda kika ce soja za ki aura, kuma ba ki da niyyar ajiye aikinki, bari in ba ki misalin wata mata. Masaniyar halayyar ɗan Adam ce, irin masu zama da mutum su saurare shi har damuwar da ta daskare masa a ƙirji ta narke. Mijinta soja ne, yau suna wannan bariki, baɗi suna wancan. Matan bariki ba sa yar da kwali, kowace tana da nata a ƙarƙashin gado saboda ranar tashi. Nasu na tukwane ne da labule, ita kuwa nata takardu ne zalla. Duk asibitin da ta yi aiki, bayan wata shida sai ta tsare shugabanta ya rubuta aikin da ta yi a ƙarƙashinsa, ya sa hannu, ya buga hatimi. Maƙwabta har suna tsokanarta, wai ko takarda za ta dafa wa maigida. Wani tsohon likita da ta matsa wa ya ce, “Ke da ko ƙishin-ƙishin ɗin tashi ba a ji ba, gaggawar me kike yi?” Ta ce, “Baba, matar soja ba ta da gobe a gari.” Ya yi tsaki, amma ya sa hannu.

Kwatsam aka tura mijin aiki wata ƙasa, ta bi shi. Can ta tarar da asibitin da ake kula da sojojin da suka dawo daga fagen daga ba sa iya barci, ana neman irinta ido rufe. Amma lasisinta ba ya aiki a ƙasar, sai hukumarsu ta ga shaidar kowane shugaba da ta yi aiki da shi, kuma cikin wata guda za a cike gurbin. Ta ji tsoro, gaskiya, don ta san asibiti ɗaya cikin waɗanda ta yi aiki a cikinsu an rufe shi, tsohon likitan nan kuwa ya rasu bara. Sai ta jawo kwalinta. Ga sa hannunsa nan, da karkataccen rubutunsa, kamar jiya ya yi. Ta yi masa addu'a har da hawaye, ta kwashi takardun ta kai. Kafin watan ya ƙare tana zaune gaban soja na farko, yana ba ta labarin abin da ya hana shi barci.

Shi ya sa Hausawa suka ce, ba a fafe gora ranar tafiya.