Maki Ɗari Biyu da Arba'in da Uku

Kulsumu ƙawata, na san za ki ce wa na sa ya rubuta mini wannan takarda. Karanta tukuna. Labarin wani gida ne a nan Zurmi, na sauya sunayen mutanen kawai.

Ummusalma ta ci maki 213 a jarrabawar JAMB. Yarinyar da makarantarsu ta yi wata biyar a rufe saboda ɓarayin daji, wannan ba ƙaramin ƙoƙari ba ne. Likita take son zama. Ubanta ya rasu, uwarta Inna Suwaiba ƙuli-ƙuli take sayarwa, kuma kowa a unguwa ya san ko sunanta ba ta iya karantawa. In an kawo katin biki, sai ta miƙa wa yara.

A wannan shekarar wata ƙungiya ta 'yan asalin yankin mazauna birni ta ce za ta ɗauki nauyin karatun yaran Kaura Namoda, Shinkafi da Zurmi. Fom ɗin shafi ɗaya ne, da hannu ake cikawa: suna, lambar rajista, maki. A ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe cewa duk wanda ya yi ƙarya an cire shi har abada.

Mata a wurin niƙa suna ta faɗin cewa sai mai 240 za a ɗauka. Inna Suwaiba ta ji, ta ɗauki ƙullunta ta koma gida.

Ummusalma ta cika fom ɗinta ranar Laraba da hantsi, ta rubuta gaskiya, ta sa a ambulan ba ta liƙe ba. Uwar ta ce a bar mata shi ta tofa addu'a. Ya wuni a ɗakinta, a kan akwatin da take ajiye tsofaffin littattafan firamare na yara, waɗanda ta hana a ba masu ƙosai.

Washegari Kawu Labbo, ƙanen Inna Suwaiba, direban motar haya, ya karɓi ambulan biyu zai kai Kaura: na Ummusalma da na ɗiyarsa Saudat, wadda ta ci 208.

Bayan mako uku aka liƙa sunaye. An ɗauki duk wanda ya haura 200, don yaran da suka iya zana jarrabawa a yankin ba su da yawa. Sunan Saudat na nan. Na Ummusalma yana wata takarda daban a gefe, su huɗu, an ja layi da jan biro.

Ta je har ofishin ƙungiyar. Sakataren ya ajiye mata fom ɗinta a kan tebur, ya juya mata fuskar kwamfuta. A kwamfuta 213. A fom 243. An ɗora wa lamba ɗaya ta tsakiya hannu ta koma huɗu, huɗu mai karkata, irin ta ɗan aji ɗaya.

"Wallahi ba ni ba ce, Malam."

"Duk haka kuke cewa," in ji shi. "Da kin bar shi yadda yake, da yanzu kina shirin tafiya."

Kafin la'asar gari ya yanke hukunci. Wa ya riƙe ambulan a buɗe tun daga Zurmi har Kaura? Wa yake da ɗiya mai ƙarancin maki da ke neman gurbi? Ummusalma ta tare kawunta a tsakar gida, gaban mata da yara.

"Kawu, me na tare maka?"

Labbo bai kalle ta ba. Yayarsa ya kalla, ya daɗe yana kallonta tana murza ƙuli-ƙuli ba ta ɗago kai ba. Sannan ya ce, "Allah Ya ga kowa, Yaya," ya sa takalmansa ya fita.

Shekara biyu ke nan bai sake tako gidan ba. Fasinjojin unguwa sun daina ba shi saƙo, har a tasha ana ce masa mai gyaran maki. Saudat tana jami'a, ba mai yi mata barka in ta zo hutu. Ummusalma ba ta sake zana jarrabawa ba. Tana zaune gaban kasko tana taya uwarta suya, kuma bayan kowace salla tana ɗaga hannu ta ce Allah Ya isa tsakaninta da wanda ya taɓa mata takarda.

Uwar tana kan tabarma a gefenta, da carbi a hannu. Dole take cewa amin, don in ta yi shiru yarinyar takan waiwayo.

Don girman Allah, Kulsumu, ki ƙona wannan takarda, kada ki faɗa wa kowa. Ba wanda ya rubuta mini ita. Shekara shida na yi ina koya wa kaina a ɓoye da littattafan cikin akwati, kuma har yau, duba ki gani, huɗu ɗina a karkace take: 4.