Minti Biyu a Tafkin Ilopango

Maritza Alvarenga ta tsayar da mota gaban wata rumfar pupusa, wainar masara irin ta ƙasar, a bakin Tafkin Ilopango, ta kashe inji, amma ta kasa fitowa. Ranar Asabar za a sa wa sabon wurin ninkaya sunanta. Shekara goma sha huɗu ta yi tana iyo mai dogon zango da sunan El Salvador, lambobin yabo sun cika mata kabad. Duka daga tafkin nan suka faro.

Tana da shekara goma sha takwas aka yi gasar tsallake shi, kilomita goma. Gurbi ɗaya ne tak a tawagar ƙasa, na wadda ta zo ta ɗaya. An raba wa 'yan gasa kwalekwalen rakiya ta hanyar ƙuri'a, daga cikin masuntan bakin ruwa. Dokar kowa ya haddace ta: duk wadda ta taɓa kwalekwale ko filafilin tuƙa shi ta fita.

Ita wani mai furfura ta samu, Don Isidro. Ba shi da magana. Yana tuƙi yana yawan waiwaye.

A kilomita na takwas jijiyar ƙafarta ta ɗaure. Ta sha ruwa, ta nutse, ta taso, ta sake nutsewa. Sai ta ji filafili a kafaɗarta, ta damƙe shi da hannu biyu. Jirgin alƙalai yana can nesa. Ta riƙe shi gam har ƙafar ta saki, sannan ta ci gaba.

Da daƙiƙa arba'in ta riga Noemí Chicas isa gaɓa. Alƙali ya tambayi Don Isidro ko ya ga wani abu. Dattijon ya daɗe yana ɗaure igiyarsa kafin ya girgiza kai.

Maritza ta yi suna a duniya. Noemí, 'yar ƙauyen masunta da ta koyi iyo ba mai horarwa, ta bar gasa a shekarar. Duk lokacin da aka rataya wa Maritza lamba, ƙasa take kallo, 'yan jarida suna yaba mata da tawali'u.

Ta buɗe ƙofar motar.

"Kai, wa nake gani?" in ji Noemí daga bayan kasko, hannunta duk ƙullu. "Babban kifi da kanta! Zauna. Mai cuku ko mai wake?"

"Ba ci ya kawo ni ba, Noemí."

"A rumfata ba a zaman banza." Ta dire mata faranti.

Maritza ta zuba wa farantin ido. "Gasar nan ba ni na ci ba. Na riƙe filafili. Kamar minti ɗaya. Gurbinki na ɗauka, kuma ranar Asabar zan faɗa gaban kowa."

Noemí ta juya pupusa biyu ba ta ɗago ba. "Minti biyu ne."

Maritza ta ɗago kai. "Kin sani?"

"Tun ranar. Mai kwalekwalen ya gaya mini. Ya ce shi ya miƙa, ba ke kika roƙa ba, kuma ba zai tsamo 'yar mutane daga ruwa sannan ya kai ta ƙara ba. Shekara uku na yi ba na gaishe shi."

"Ina zan same shi? Ko godiya ban taɓa yi masa ba."

"Kin makara, 'yar'uwa. Bara muka binne shi."

Maritza ta rufe fuska. "Ya ɓoye wa alƙalai, ya ɓoye wa kowa. Me ya sa sai ke?"

Noemí ta goge hannu a jikin zaninta, ta dube ta ido cikin ido.

"To wa zai gaya wa? Babana ne."