Ɗan da Suka Zaɓa

"Gaya masa ni ce mamarsa yanzu," in ji Baturiyar da ta zo ɗaukar maraya, tana rungume da yaron, fuska shaɓe-shaɓe da hawaye. Mijinta yana ɗaukar bidiyo.

Kunthea, tafintar gidan marayun garin Battambang a ƙasar Kambodiya, ta fassara. Ɗazu ma ita ta fassara jawabin shugaban gidan, cewa ambaliya ce ta cinye iyayen yaron, Rithy.

Yaron ya jawo gefen zanen Kunthea, ya raɗa mata da yarensu: "Ming, gwaggona, in na bi su, wa zai gaya wa Innata? Tana kicin tana dafa shinkafa."

Kunthea ta dubi shugaban, ya zare mata ido. Ta san daga yau ta rasa aikinta, amma ta kasa haɗiye maganar.

"Madam, ƙarya aka yi muku. Yaron nan ba maraya ba ne. Uwarsa tana raye, tana cikin gidan nan!"

Baturiyar ta share hawayenta, ta gyara wa Rithy wuyan riga.

"Ai mun sani," ta ce. "Jiya aka nuna mana ita. Doguwa ce, haƙoranta lafiya lau. Shi ya sa muka zaɓe shi."