Kilo Huɗun Abdulbaƙi

Allurar sikelin ta yi rawa, ta yi rawa, ta tsaya cak a kan saba'in da huɗu. Rahinatu ta ce mijinta ya sauka ya sake hawa. Ya cire hula, ya cire agogo, ya hau. Saba'in da huɗu dai, kamar an kafe ta da ƙusa.

Abdulbaƙi ɗan kokawa ne, kuma duk Wudil an shaida bayansa ba ya taɓa ƙasa. Saura mako shida masu zaɓen 'yan wasan jiha su zo, sun kuma faɗa ba ɓoye-ɓoye: ajinsa na kilo saba'in ne, wanda ya haura ko da rabin kilo ba zai shiga fili ba. Shekararsa ashirin da tara. In wannan dama ta wuce shi, shi da kokawar jiha sai a labari.

Rahinatu ta ɗaura ɗamara. Ma'aikaciyar lafiya ce, ta san abin da jikin mai motsa jini ke buƙata. Ta sallami soye-soye, ta kori man shanu daga gidan. Da safe kunun gero ba sukari da ƙwai biyu. Da rana ayaba da 'yar gyaɗa cikin tafi. Na dare ne babba, shi ne kuma mai ba ta wahala: gasasshen kifin kogi, dafaffen wake, kwaɗon zogale, dankalin Hausa ɗan daidai, gishiri da yatsa biyu. Tana tasowa daga asibiti ƙafa a kumbure, ta zarce gindin murhu.

Bayan magariba sai ya ɗauki kwanonsa ya fita tabarmar ƙofar gida, inda magidantan layin ke zama kowa da nasa, kamar yadda suka gada. Tun ranar farko ta ja masa kunne, ban da tsoma hannu nan da can. Ya yi alkawarin kwano ɗaya zai ci. Kullum kwanonta na dawowa tas, kamar an wanke.

Mako biyu, saba'in da huɗu. Mako uku, saba'in da huɗu da rabi. Kai, wannan abu da ban haushi yake! Mutumin da ke gudu cikin yashin bakin kogi tun asuba, yana cin ganye kamar akuya, a ce ƙaruwa yake yi?

Ta fara ɗora wa sikelin laifi. Ta shiga maƙwabta wajen Mas'uda, matar Baba Maikano, ta aro nasu, wanda tsohon ya saya tun da likita ya ce ya rage teɓa. A zaure ta yi kiciɓis da shi zai tafi masallaci, yau ba sandar da ya saba dogarawa. Ta durƙusa ta gaishe shi, shi kuwa ya dinga zuba mata albarka, Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara wa hannu albarka, har ta ƙosa. Sikelinsu ma abin da nata ya faɗa ya maimaita.

Sai ta koma bin sawu. Ta je wajen masu soya kifi a bakin gada, suka ce rabonsu da shi tun kafin salla. Mai tsire ya ce ko gaisuwa daga nesa yake ɗaga masa hannu. Wata rana tana wanki ta ji ƙanshin man shanu a hannun rigarsa. Ta tare shi a tsakar gida, rigar a hannu.

"Baban Jamil, ka dubi girman Allah ka gaya min gaskiya. Me kake saya a waje?"

"Wallahi ko alewa ban saya ba."

Ya dubi katangar maƙwabta, ya kau da kai. Ta san ba ya rantsuwa a kan ƙarya, shi ne ma abin da ya fi ƙona mata rai. Ta cire dankalin, ta rage waken, ta ƙara zogale. Kwanon ya ci gaba da dawowa tas.

Ranar awo ta zo. Saba'in da uku. Ko riga ba a bari ya tuɓe ba, aka kira na bayansa. Ya dawo ya shige ɗaki. Rahinatu ta zauna a kan turmi. Mako shida na hayaƙi da ƙaiƙayin ƙayar kifi sun tafi a banza, ba ta ma san wanda za ta yi wa faɗa ba.

Ana haka Mas'uda ta yi sallama, baki har kunne, da zabuwa a hammata.

"'Yar nan, godiya na zo yi. Yau likita ya auna Malam, kilo biyar ya sauke, hawan jinin ma ya kwanta. Ai tun ranar da ya ɗanɗana kifinki ya jawo kwanon gabansa, ya tura wa mijinki namu. Yaro mai kunya, mako shida ko uffan bai ce ba, ina zai iya hana babba? Ni kuwa don kada mu ɗauki alhakinsa, ga shi mai aikin ƙarfi, kullum sai na ƙara masa malmalar tuwo ɗaya da ludayin man shanu."